Ɗorawar Bakin Kanal

Da ban yi zancen kalwa ba a safiyar nan, da Malam, maigidana, ya je gindin bishiyar? Shekara ta uku ke nan ina juya wannan tambaya, ban samu amsa ba. Na tambayi babbar 'yata, wadda take rubuta mini wannan magana tunda ni ban san baƙi ba, ta ce, "Inna, ki bar wa Allah." Na bar wa Allah. Tambayar ce ta ƙi barina.

Ɗorawar tawa ce, gadon mahaifiyata. A wajenmu ana gadon bishiya ba tare da gona ba: ƙasa ta wani, abin da ke tsaye a kanta na wani. Lokacin da aka baje gonakin ƙauyenmu na nan wajen Bunkure aka ja kanal, motoci sun tumɓuke itatuwa ba adadi. Ita ta tsira don ta faɗo a kan iyaka, daf da ruwa. Da aka sake rabon filaye sai ta tashi a gefen gonar ƙanin mijina. Duk shekara in ta nuna, Malam zai ɗauki gorarsa mai ƙugiya ya kakkaɓo mini, yara su sha gari har bakinsu ya yi rawaya, ni kuma in dafa kalwar in yi daddawa. Da daddawar nan na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki.

Fitinar ta fara ne da shinkafar rani. Ƙanin Malam ya shigo gida wata rana yana fifita da hula, ya ce, "Matar yaya, ɗorawarki ta zama masaukin baƙi. Tsuntsayen jan-baki a kanta suke kwana, a gonata suke karin kumallo."

Na ce, "To ka gode Allah, ka samu masu cin abincinka. Mu dai ba mu taɓa ɗanɗanawa ba."

Ya yi dariya, amma ba wasa ya kawo shi ba. Malam ya gaya masa gaskiya, cewa tsuntsayen ba a bishiya suke kwana ba, a cikin kachala suke, ciyawar nan da ta cushe kanal. Kowa ya san haka. Sai dai yankan kachala sai an shiga ruwa har ƙirji, ga matsattsaku, kuma aikin kowa da kowa ne, wato ba na kowa ba. Kayar da bishiyar tsohuwa ya fi sauƙi. Maƙwabtan gona suka goya masa baya, magana ta kai gaban mai unguwa. Malam mutum ne da ba ya son a ji kansa da ɗan'uwansa. Ya dawo ya zauna a bakin ɗakina, ya ce, "Tsohuwa, zumunci ya fi daddawa." Na yi shiru. Shirun nan aka ɗauka a matsayin yarda.

Ƙanin nasa ya samo masu injin yankan itace, irin waɗanda suke kai wa gidajen burodi ice a birni. Ladansu shi ne bishiyar kanta. Sharaɗinsu ɗaya ne: abin da muka tsinka tana tsaye namu ne, in ta kwanta har ganyenta nasu ne. Aka ce za su jira ɗorawar ta gama nuna. Ba su jira ba. Wata safiya muna shan koko sai ga sallamar ƙanin Malam daga zaure, wai mutanen sun iso da tarakta, yau za a yi.

Ina kankare tukunya ne na ce, "Ko kalwar bana ba za a bar ni in ɗiba ba." Wallahi da tukunyar nake, ba da Malam ba. Amma ya ji. Ya ajiye ludayi, ya jawo gorarsa daga bayan rumbu, ya ce in biyo shi da buhu biyu, ya fita.

Buhu na biyun ne ya tsayar da ni, don sai da na juye ƙaiƙayin da ke ciki. Tun ban kai kanal ba na jiyo kukan injin, wani irin kuka mai shiga haƙori. Abin da ya faru kafin in iso, maƙwabcinmu da ke ban-ruwa kusa da wurin ne ya gaya mini daga baya. Ya ce Malam ya gargaɗe su. Ya ce musu jiya aka saki ruwa, ƙasar ta jiƙe sharkaf, kuma bishiyar da ta shekara da shekaru ƙafarta a ruwa saiwarta ba ta da ƙarfi, su bari ƙasa ta sha iska kwana biyu. Mai injin ya ce, "Baba, kai ka san shinkafa, mu mun san itace. Yi ta tsinkarka ta can ɓangaren, kafin mu kai rabi ka gama."

Mutum yana ƙarƙashin bishiya, ka kunna mata inji. Ko akuya ce a ɗaure a wurin ai ka kwance ta tukuna.

Sun ɗaura igiya daga reshe zuwa tarakta don kada ta faɗa cikin kanal ta fasa siminti, ma'aikatan ruwa su zo musu. Simintin suka yi wa tanadi. Ina tsallaken ruwa na hango Malam, gora a sama, ɗorawa tana zubo masa a kafaɗa. Ya gan ni, bakinsa ya motsa, injin ya haɗiye maganar. Sai mai tarakta ya ja don igiya ta miƙe. Tayoyin suka yi santsi a laka, motar ta zame gefe, ta fizga. Bishiyar ba ta jira a gama yankanta ba. Ta tumɓuko da saiwarta, ta murɗa, ta juyo inda yake.

Ban san yadda na tsallake ba. Na dai gan ni a durƙushe, babban reshe a kan ƙirjinsa, yana numfashi amma ba ya magana. Kafin ka ce me, mutane sun cika wurin. Wasu sun sa kafaɗa suna ƙoƙarin ɗagawa, Allah Ya saka musu da alheri. Amma na ɗaga kai na ga wayoyi sun fi hannuwa yawa. Magidanta ne, wasu Malam ne ya yi musu huɗuba a kunne ranar da aka haife su, sun tsaya suna ɗaukar hotonsa, wani har yana cewa a matsa ana tare masa.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya kuwa shi ne mai injin. Aka yi masa ihu ya yanke reshen. Ya matso, ya aza injin a kan icen, ya auna tsawonsa sau ɗaya, sau biyu, sannan ya yanka, daidai tsawon da suke lodawa a mota. 'Yata ta ce wataƙila hannunsa ne ya saba, ruɗewa ce. Wataƙila. Ni dai na ga mutum yana awo a kan ƙirjin mijina.

Ba a kai asibitin Kura da shi da rai ba. Da ɗaya daga buhunan da na kawo aka rufe masa fuska a bayan a-kori-kura. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Washegari muna zaman makoki, mata cike da tsakar gida, sai ga kukan injin daga bakin kanal. Sun dawo ƙarasa aikinsu. Masu gaisuwa suna cewa, "Inna, sai haƙuri, kwana ne ya ƙare," suna ɗaga murya don injin ya hana a ji su. Na san kwana ne ya ƙare. Ban taɓa jayayya da Mai kwanan ba. Amma na ga yadda ake lulluɓe sakaci da wannan kalma kamar yadda ake lulluɓe kashin yaro da ƙasa, a wuce kamar ba a ji wari ba.

Ana jibi sadakar arba'in, ina cikin takaba, sai na ji ana sauke kaya a ƙofar gida. Ƙanin Malam ya leƙo ya ce, "Matar yaya, ga ice nan na roƙo miki a wajen mutanen, a yi girkin sadaka." Na fito na duba. Na san ɓawonta kamar yadda na san tafin hannuna. Kowane gungume bakinsa sumul, yankan inji.

Na ce, "Da ita za a dafa wa yayanka sadaka?"

Ya ce, "Ai ice ice ne."

A nan na tofar da yawu a gabansa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Da kara da ƙaiƙayi aka toya wainar sadakar, hayaƙi ya ishi kowa, ban damu ba. Icen yana nan a bayan gida, gara ta kusa gamawa da shi. Shinkafar tasa kuwa, a wannan shekarar ma jan-baki sun cinye rabinta. Suna nan a cikin kachala har yau.

Buhu na biyun, matar maƙwabcinmu ce ta tsince abin da Malam ya kakkaɓo ta cika shi ta kawo mini. Na kasa dafawa, na kasa bayarwa. Yana rataye a ɗakina. In na dube shi sai in ce ni na tura shi. In na ƙara duba sai in tuna fuskarsa da zai fita, ba fuskar wanda aka tura ba ce. Ya tsaya a bakin zaure da gora a kafaɗa, yana dariya, ya juyo ya ce:

"Tsohuwa, bar wa tukunya mita. Ki biyo ni da buhu biyu, ɗaya ba zai ishe ki ba."