Ƙurar Allin da Baba Ya Kwashe

Mahaifina mutumin Gwandu ne, karantarwa ce ta zaunar da shi Kalgo. A zaurensa na buɗe ido, kuma kafin in san baƙi ko ɗaya sai da na san wankin allo. Ba a wanke allo a ƙasa. A ƙwarya ake wankewa, a sha ruwan, ko a kai shi inda ƙafa ba ta takawa. Ka bar ɗigo ɗaya ya zuba, ranar kunnenka zai gaya maka.

An kai ni elementare a Gwandu ba da son ransa ba. Na dawo cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yar takardata, kaina kamar ya fashe, aka ba ni ajin manya na yaƙi da jahilci. Duk da haka kullum da safe ina gaban Baba ina ɗaukar wani littafin fiƙihu, saura mana babi uku. Ba abin da nake so a duniya kamar in sauke littafin nan a bakinsa, ya ɗora hannu a kaina yadda ya yi wa yayyena.

Ajin nawa kuwa wayam. Manoma suka ce su da gemunsu ba yaron da zai kira su jahilai. Masunta ko amsa mini ba su yi ba. Baba ya ga ina ramewa. Rannan bayan la'asar sai ga shi, ya tuɓe takalmi a bakin rumfar ajin, ya zauna a ƙasa gabana.

"Baba, don Allah tashi," na ce.

"Nan ne mazaunin mai neman sani. Yi aikinka."

Washegari rumfa ta cika maƙil. Wa zai zauna gida alhali Malam yana aji?

A wurin horo an koya mana cewa malami tsaye yake koyarwa, ya kira ɗalibi gaban baƙin allo, in ya yi kuskure a gyara masa da ƙarfi don saura su amfana. Baba kuwa ɗaya bayan ɗaya yake biya wa ɗalibansa, in zai yi gyara sai ya rage murya har na kusa ba ya ji. Ni a lokacin gani nake wannan duk tsohon yayi ne.

Ranar da mai duba azuzuwa ya zo, na so in burge shi, sai na kira wanda ya fi kowa ganewa. Na ce Baba ya rubuta "gero". Ya karɓi alli, ya nufi gefen dama na baƙin allo, ya fara da Bismillahi da Larabci, don bai taɓa sa hannu a rubutu ba sai da ita. Mai dubawa ya yi gyaran murya, ya kalli agogonsa. Iyakar abin da ya yi ke nan, wallahi ba wanda ya sa ni. Na fizgi tsumma na goge ta fes.

"Baba, daga hagu ake farawa," na ce, kowa na ji. "Nan ba zaure ba ne."

Ƙurar allin ta zubo gindin allo, daidai inda nake takawa. Tsohon nan ya durƙusa gaban jama'a, ya tattara ta da tafin hannu har da yashin da ta sauka a kai, ya zuba a aljihun rigarsa. Sannan ya miƙe ya rubuta "gero" daga hagu, ba kuskure ko ɗaya. Mai dubawa ya yaba mini ƙwarai. Kaicona!

Da safe na shiga zaure da littafina. Baba ya miƙe tsaye. Bai taɓa miƙe mini ba. Ya jawo buzunsa ya shimfiɗa mini.

"Sannu da zuwa, Malam."

"Baba, karatu na zo ɗauka."

"Wanda ya yi mini gyara ya zama malamina," ya ce. "Ban iya zaunar da malamina a ƙasa in biya masa ba."

Da tsawa ya yi mini, ko ya mare ni, da na ji sauƙi. Na yi kuka, na turo baffannina, na turo aminansa. Ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe ɗin. Amma kullum na shigo sai ya miƙe, har na koma ina zagayawa ta ƙofar baya don kada in wahalar da gwiwoyinsa.

Damina biyu bayan haka ya rasu. Da aka raba littattafansa, nasa kwafin na fiƙihun nan ya faɗo hannuna. Na buɗe inda muka tsaya, sai na tarar da 'yar takarda a naɗe tsakanin shafukan. Na warware a hankali. Yashi ne da farar ƙura. Duk gidan nan, nan ne ya ga ƙafata ba za ta kai ba.

Babi ukun nan har yau ban ɗauke su a bakin kowa ba.