Daɓen Rumfar Arzika

In ka taɓa zama a Yargalma kafin shekarar ciwon yara, to ka san Arzika mai kallo, ko da ba ka taɓa leƙa rumfarsa ba, don muryarsa za ta iske ka har inda kake. Dogo ne, siriri, mai wushirya, manomin gero kamar kowa. Tun yana saurayi ya je cin rani Gusau, ya samu aikin shara a wani gidan kallo, fim ya shiga jininsa. Da damina ta faɗi ya dawo gida ko sabuwar riga babu, sai labarai cike da baki.

Da zinari ya bayyana a dajinmu, kowa ya samu rabonsa. Wani babur, wani kwanon rufi. Arzika ya leƙa ramin haƙa sau ɗaya ya ce shi da shiga ƙasa sai ranar da aka ɗauke shi a makara. Ya sayar da bijiminsa, ya sayo talabijin da na'urar faifai da ɗan janareto, ya kafa rumfar zana a ƙofar gidansa. Da an sallame la'asar sai ka ji janareto ya yi tari ya kama, masu haƙa da masu niƙa su taho furu-furu da ƙura su cika benci.

Gara in gaya maka tun yanzu abin da mu ba mu sani ba a lokacin. Dutsen nan da ake haƙowa ana niƙawa a tsakiyar gari, ba zinari kaɗai ke cikinsa ba. Akwai dalma, guba ce da ba ta wari, tana bin ƙura ta shiga cikin mutum. Babba yakan yi yawo da ita bai sani ba. Ƙaramin yaro kuwa kai take hawa. Arzika yana da 'yar auta da ba a daɗe da yaye ta ba, Jannatu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Innata. Duk inda ya sa ƙafa tana riƙe da gefen wandonsa.

Mutane ba fim kaɗai suke zuwa kallo ba, har da sharhin Arzika. Ba ya barin a tashi sai ya yanke wa fim hukunci. Babban abokin gardamarsa Makau, taubashinsa, mai injin niƙan dutse. Wata rana aka sa wani na Amurka, wata ƙatuwar kunama ce ta fito daga rijiyar mai tana rusa gari. Ana gamawa Makau ya miƙe yana kaɗe hula.

"Ragon maza, wanga kam ya yi. Ko shi ma kana da ta cewa?"

"Kuɗɗi dai an kashe su, ba gardama," in ji Arzika. "Amma hankali babu. Kunama awa tirela ta taho, mutum ga mota gabanai, ya tsaya shina kiran matatai ga waya! Mi za ta yi mai? Tsintsiya za ta kawo?"

"Kai da kana wurin, wando za ka bari."

"Ni da ina wurin, da tuni na kai Gummi. Shi ya sa ba a yin fim da masu wayo, ba shi daɗewa."

Na Indiya kuwa yakan ce akta ya sha harsashi a ƙirji, maimakon salati sai ya kama waƙa, amma uwar aktan ta iya kuka, ita ta riƙe fim ɗin. 'Yan Chana, a cewarsa, Allah bai ba su cin abinci cikin kwanciyar rai ba, da an ajiye kwano sai faɗa. Namu na Hausa yakan yi musu tsiya, kujera ɗaya ce ake yawo da ita gida gida, amma su ya fi sakawa, don in ana gulma a ciki ba ya bukatar tafinta. Abin da ba ya yafewa shi ne fim mai ragon bos. Ya ce mugu in mugu ne, a nuna fuskarsa tun da wuri, mutum ya san wa zai ji wa tsoro.

Abu ɗaya ne ya dame shi a rumfar nan, ƙasanta. Al'adar kallo, manya kan benci a baya, yara a gaba a ƙasa, ƙanana kuma ba a karɓar musu komai. To ƙasar tsakuwa ce, ga cinnaku. Ana tsakiyar faɗa sai yaro ya ƙwala ihu, a ɗauka bos ne ya firgita shi, ashe cizo ya sha. Ranar da cinnaka ta ciji Jannatu a cinya har wurin ya tashi, Arzika ya ce a'a, wannan ba za ta saɓu ba.

Makau ne ya kawo shawara, kuma da zuciya ɗaya ya kawo ta. Bayan kududdufin da ake wankin zinari akwai tulin ƙasar da aka niƙa aka wanke aka zubar. Laushinta kamar garin alkama, ba tsakuwa ko ɗaya, ba mai so.

"Kwashi iya son ranka," ya ce. "Kyauta na ba ka, matsolo, kada ka ce ban taɓa yi ma komi ba."

Aka kwaso a amalanke. Habsu matar Arzika ta gayyato matan unguwa, suka jiƙa makuba, suka durƙusa da madaɓai suna buga daɓe suna waƙa tun hantsi har azahar. Da ya bushe, zo ka ga kyau. Sumul, ruwan toka, yana ɗan ƙyalli in rana ta ratso zana. Ga sanyi. Abin da ya fi burge mu, tun daga ranar ko cinnaka ɗaya ba a ƙara gani ba. Tururuwa ma in ta zo bakin rumfa sai ta kauce. Muka ce albarka ce.

Daɓe kuwa, in ƙafafu suka yi ta bi, samansa yakan saki gari. Yara sukan tashi daga kallo duwawu fari fat, iyaye mata su kaɗe musu suna dariya. Jannatu ce a sahun farko kullum, dab da talabijin, da ƙuli-ƙulinta a hannu. In an yi ƙara ta sake shi ya faɗi, in ƙarar ta wuce ta lalubo ta mayar baki.

Agwagi suka fara. Da bazara ta kama, aka wayi gari an ga wasu a bakin kududdufi sun miƙe wuya. Aka ce annobar kaji ce, aka jefa su bayan gari. Sannan wani jinjiri a unguwar gabas ya yi ta amai, ya sandare, kafin a nemo babur ya cika. Aka ce sanƙarau. Sai wani. Sai wata. Makara ba ta fita, don waɗannan a hannu ake ɗaukarsu cikin 'yar tabarma. Duk ƙanana, duk da jijjiga, ido ya kafe sama.

A tsakanin nan ne Arzika ya sayo wani fim ɗin kudu a kasuwar Bukkuyum. Wata tsohuwa ce mai juyayyun ƙafafu da ke zama bakin rafi tana kiran yara da sunayensu. Shi kansa ya yaba, ya ce rabonsa da bos irin wannan an daɗe, ba ta da makami, ba ta ɗaga murya, amma sai da tsikar jikinsa ta tashi. Bayan 'yan kwanaki Muttaka, ɗan Makau, sa'an Jannatu kuma abokin zamanta a sahun farko, ya faɗi yana jijjiga. Bai kai washegari ba.

Ranar addu'ar uku, Makau ya ja Arzika gefe. Ba ragon maza, ba matsolo.

"Arzika, mutane na magana. Sun ce tun da kas sa tsohuwar ga, abin yaƙ ƙaru. Yaron nan kwana yay yi shina hwaɗin ana kiranai."

"Makau, ai an hwara mutuwa tun ban sawo shi ba."

"Na sani. Ni dai na gaya ma."

Arzika ya koma gida, ya ɗauko faifan ya karya shi a gaban jama'a, ya jefa a murhu. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana tacewa. Duk mai aljani, duk mai jini, duk mai ƙarar da ke sa yaro zabura, ya ƙone. Sannan ya rufe rumfa, ya ce ba kallo sai gari ya lafa.

Sai ga Jannatu ta ƙi abinci. Ta daina bin wandonsa, ta koma zama wuri ɗaya tana kallon bango, in an taɓa ta ta yi wani siririn kuka. Ta fara amai. Habsu ta ce a kai ta Gummi gun kakarta ta wajen uwa, a raba ta da garin nan.

"Malam, ni zuciyata ba ta kwanta ba. Bari in tahi da ita ko sati guda na."

"Cikin ranar ga, bisa babur? Ai sai ta galabaita kahin ku kai. Saurara ki ji. Abin ga ta ido yash shiga. Ta ido za ya hita."

Ya yi imani da haka har zuciyarsa. Mutum ne da ya ga fim ya sa ƙattai kuka, ya ga fim ya sa masu gaba sun yi dariya a benci ɗaya. In mugun fim ya bar tabo a idon Innarsa, to kyakkyawa zai wanke. Ya zauna ya zaɓo wanda ya fi kowanne sanyi a abin da ya rage, wani na Indiya da ba a mari kowa a ciki ba, daga furanni sai ruwa sai wata yarinya mai kiwon tumaki. Da can yakan ce wannan fim ɗin salamf yake kamar kunun da ba tsamiya. Yanzu shi ya zama magani.

Ɗakunan gida sun yi zafi kamar tanda, rumfa ce kaɗai mai iska. Ya yayyafa wa daɓe ruwa kamar yadda ake yi wa mai zazzaɓi, ya tuɓe wa Jannatu riga, ya kwantar da ita a kai, kumatunta a ƙasa, ta fuskanci talabijin. Ya tada janareto don mutum ɗaya. Kullum da rana haka. Yana zaune gefenta yana yi mata fifita yana ba ta labari.

"Kin gani, Innata? Ga ɗan rago can ya ɓace. Kada ki damu, ana ganinai. Wanga fim ba mai mutuwa cikinai."

Ita kuwa tana kwance, yatsunta suna shafa daɓe, tana kai su baki.

Ana cikin haka motocin likitocin agaji suka shigo gari. Suka ɗebi jinin yara, wasu kuma suna bi gida gida da wata 'yar na'ura mai kamar bindigar wasa, suna ɗora bakinta a ƙasa suna dubawa. Ƙarar janareto ce ta jawo su rumfar Arzika. Wata ma'aikaciya mai farin hijabi ta yi sallama ta durƙusa, ta ɗora na'urar dab da kan Jannatu. Ta duba. Ta matsa gaba ta sake ɗorawa. Ta kira abokin aikinta da hannu, shi ma ya duba, suka kalli juna.

"Baba, ina kuka samo ƙasar nan?"

Ya gaya mata, har da ɗan alfahari, ya ce ko cinnaka ba ta zama.

"Ɗauke ta," in ji matar. "Yanzu. Kada ƙafarta ta ƙara taɓa wurin nan."

Habsu na tsaye a bakin zana, ta ji komai. Ba ta jira Arzika ya motsa ba, ba ta kuma nemi izininsa ba. Ta sunkuya ta suri 'yarta, ta goya, ta shige motar ko takalmi babu. A hanya jijjigar farko ta kama Jannatu, a bayan uwarta. Sun isa asibiti a Bukkuyum tana numfashi.

Makonni suka yi can ana ba ta magani. A nan gari aka kankare daɓen nan har sai da jar ƙasa ta fito, aka ɗura a buhuna, masu aikin sun rufe hanci da baki. Arzika na tsaye yana kallo ana fita da su. Aka fitar da injinan niƙa bayan gari, aka zubo sabuwar ƙasa a gidaje, sannan aka ce yaran da aka kai asibiti su dawo.

Jannatu ta dawo da ranta, alhamdu lillahi, da yawa ba su dawo ba. Da motar ta tsaya Arzika ya ruga, ya durƙusa a gaban Habsu ya ce, "Innata." Yarinyar ta juyo wajen muryar, ta yi murmushi, ta miƙa hannu. Amma idonta ya wuce ta saman kafaɗarsa, hannun ya kama iska. Likita ya ce ganin yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa. Haske da inuwa ne kawai suka dawo.

Arzika bai sake buɗe rumfa ba. Daga baya, da wayoyi suka yawaita, ya kafa ɗan tebur a kasuwar Bukkuyum yana tura wa samari fina-finai a waya, bakin nan kuma ya dawo, don hali zanen dutse ne. Zai ce maka wannan ɓata caji ne, wancan kuma ka kalla amma ka tsallake tsakiya. Makau yana nan yana niƙa a bayan gari, don gero kaɗai ba ya riƙe gida, kuma ba shi kaɗai ba. In ya taso aiki yakan biyo ta ƙofar taubashinsa, furu-furu tun daga hula har silifa. Jannatu, da ta zama 'yar budurwa, ta haddace takunsa. Tana ji sai ta miƙe da murna ta nufo shi, hannu a gaba.

Sai Arzika ya tashi ya shiga tsakani.

"Tsaya nan inda kake," yakan ce. "Tai ka yi wanka ka sake tuhwa, kana ka zo ta gaishe ka."