Shayin da Kiyashi Ya Ƙi

Malam Zailani mutumin Ba'awa ne, amma shi da fartanya ba su taɓa shiri ba. Yana da shekara ashirin ya tsere Riruwai, lokacin ana haƙar kuza, ya samu aikin kuku a gidan wani Bature. Shekara goma sha ɗaya mabuɗin sito na rataye a wuyansa. Bature ya sa ƙwayar sukari ɗaya a shayi, Zailani ya sa bakwai, ya jefa ta takwas a baki kafin shayin ya huce.

Matarsa Tasalla ce ta fara ganewa. Ta ga kiyashi ya yi jerin gwano daidai inda maigida ke tsugunawa a makewayi.

"Malam, ko fitsarin zuma ka koma yi ne ban sani ba? Mu kawo kwalba."

A asibitin Tudun Wada likita ya ce ciwon sukari ne, ya raba shi da sukari saki uku. Zailani ya dawo gida kamar an yi masa mutuwa.

Da aikin kuza ya tsaya, Baturen na haɗa kaya ya miƙa masa wani ɗan tsiro a gwangwanin madara. Ya ce daga wata ƙasa mai nisa yake, sunansa sitibiya, zaƙinsa ya fi na sukari amma ba sukari a cikinsa. Zailani ya tauna ganye ɗaya, ya zauna a ƙasa, ya yi hamdala.

Ya koma Doguwa da zama, tsiron a kan cinya. Irinsa ba ya son fitowa, sai dai a yanki reshe a dasa, haka ya yi ta yi har bayan ɗakinsa ya cika. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, yana ba shi ruwa kafin ya ba kansa. In ganye ya yi, a shanya a inuwa, Tasalla ta daka ta tankaɗe ya zama gari. Abin da yatsa biyu suka ɗauka ya ishi kofi. In ka zarce, ɗaci ya tsaya maka a maƙogwaro har azahar.

A shekarar da sukari ya yi tsada har ana bin layi, Zailani ya kafa teburin shayi a tasha. Gona ba shi da ita, ƙarfin dako babu, teburin nan ne abincin gidansa. Wata biyu benci a cike.

Sai ranar da Balarabe, direban akori-kura mai zuwa Riruwai, ya sha rabin kofi, ya tsaya, ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Zailani, ina kiyashinka?"

"Wane kiyashi kuma?"

"Teburin mai shayi ba kiyashi ko ɗaya? Dubi na Ɗanmaraya can tsallake, sai ka karkaɗe burodi kafin ka ci. Jama'a, ku duba!"

Jama'a suka duba. Tas. Aka aika aka sayo kofi ɗaya wajen Ɗanmaraya, aka zuba kaɗan a ƙasa, aka zuba na Zailani kusa da shi. Manyan mutane masu iyali, har da wani mai zuwa jana'iza, suka tsuguna suna jira. Kiyashi ya zo, ya shinshina na Zailani, ya yi kwana ya nufi na Ɗanmaraya.

"Kun gani?" in ji Balarabe. "Ɗan abin nan da ba ya ƙin komai, har mushe ci yake. Akwai abin da ya gani."

"Ba abinci a ciki ne, zaƙi ne kawai! Shekara nawa ina sha, ga ni," in ji Zailani.

"Ga ka ɗin, duk ka rame."

Kafin la'asar labari ya kai Tudun Wada. Wasu suka ce ganyen aljanu ne, wasu suka ce yana kashe wa namiji gaba, wannan kuwa ita ta kwashe bencin ƙarƙaf.

Zailani ya fara da lallashi. Ya ɗebo kiyashi daga gida a gwangwani ya juye a kan tebur. Suka tsallaka titi a gabansa, ko motoci ba su ji tsoro ba. Daga nan mutumin da likita ya hana sukari ya shiga layin sukari. Kullum da sassafe ya jiƙa shi ya shafe ƙafafun tebur huɗu, bakinsa na tara yawu. Kiyashi ya dawo da danginsa har na uwa. Mutane ma suka dawo, suna karkaɗe wando suna cewa yanzu shayi ya yi shayi.

A kwana na tara Balarabe ya yi sammakon lodi ya same shi durƙushe da tsumma. Ya dangwali ƙafar tebur ya lasa.

"La'ilaha! Cin hanci yake ba su!"

Magana ta je gaban mai unguwa. Dattijon ya saurari kowa, ya shafa gemu, ya ce a iya saninsa shaidan da ya karɓi toshiyar baki ba a karɓar shaidarsa, saboda haka an soke ta kiyashi, ta farko da ta biyu. Shayin bai yi laifi ba, bai kuma fita ba. Wanda ya ga zai iya, ya sha.

Ba wanda ya ga zai iya. Zailani ya kwana uku yana hura wuta ga buta shi kaɗai, ya fara tambayar wanda zai sayi benci.

Rana ta huɗu wata Bafulatana mai tallan nono, Salamatu, ta sauke ƙwarya a gabansa.

"Baffa, kai ne mai garin ganyen da kiyashi ke gudu? Sun dame ni a man shanu. Ƙulla min."

"Baiwar Allah, na sha ne. A shayi ake sawa."

"Allah ya kiyaye. Ƙulla min dai."

Ya dubi bencin, ya dubi butar, ya ƙulla.

Ran kasuwa mata suka yi masa layi. Ya rantse musu kiyashi ba tsoron garin yake ba, raina shi ya yi, ya ce zai taka ya wuce. Suka ce ai mai magani na gaskiya ba ya yabon maganinsa, a ƙara musu biyu. Wadda kiyashi ya ci gaba da damunta, sai ta ce kaɗan ta barbaɗa.

Bai sayar da bencin ba. Har ƙarshen zamansa a tasha teburin na nan cike da ƙulle-ƙulle, buta ɗaya a gefe, kofi ɗaya. Kowace safiya sai ya haɗa shayinsa, ya ɗebi garin da yatsa biyu, ya kurɓa a hankali yana lumshe ido. Fasinjoji su leƙo ta taga suna nuna wa juna.

"Ga shi can. Maganin ƙwari yake karyawa da shi, ko gezau."