Wayar da Tela Ya Toshe

Tela ya shekara arba'in yana taka keke a shagon da ke jikin gidansa, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Idan ya ɗinka maka riga ta matse ka, to kai ne ka yi ƙiba. Yana da kirki, amma kirkinsa sai an tona. Wannan taurin kai ne ya raba shi da babban ɗansa, wanda ya ajiye almakashi ya koma tuƙin babbar mota. Tela ya ce kada a ƙara ambatarsa a gidan, aka kuwa bi, har shekara uku. Abin yana cin matarsa, wadda kowa ke kira Inna. Shi ma yana cinsa, sai dai ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Autarsu, ma'aikaciyar jinya, ita ta kawo musu rauta, ƙaramin akwatin nan mai fitilu da ke raba wa wayoyin gida intanet. Da farko Tela ya raina shi. Da ya ga masu ɗinki suna turo masa samfuri ta waya, sai akwatin ya zama ɗan lelensa. Ya kafa masa katako a saman keke, domin an ce siginal ba ya son lungu. Duk wanda ya zo gwajin riga sai ya sha lacca: sunan waifai daban, kalmar sirri daban; fitila ta yi ja, matsalar daga waje take; ta yi kore kuma abu ya ƙi buɗewa, a kashe, a ƙirga goma, a kunna.

Abin da ya fi burge shi shi ne shafin da ke nuna na'urorin da suka hau waifai ɗin. Uku ya sani: wayarsa, ta Auta idan ta zo, da talabijin. Wata rana sai ga ta huɗu, ba suna, sai lambobi da haruffa a jere. Kullum da hantsi take hawa, ta yi rabin awa ta sauka. Nan take Tela ya ɗora laifin a kan mai askin da ke maƙwabtaka da shi, har ya fara amsa gaisuwarsa a daƙile. Ya canza kalmar sirri, ya rubuta sabuwar a kwali ya ajiye a ɗakinsa saboda mantuwa. Washegari baƙuwar ta dawo abinta.

Ya kira Auta yana huci. Ta bayyana masa cewa lambobin nan kamar lambar mota suke, kowace waya da tata, kuma ana iya toshe waya ɗaya a bar sauran. Ta nuna masa yadda ake yi, sannan ta ce da dai ya haƙura ya bari. Ina, Tela ya riga ya danna.

Kwana uku yana murnar nasara. A na huɗu zare ya ƙare masa da hantsi, ya shiga gida ɗauko wani, ya tarar da Inna a bakin gado riƙe da tsohuwar wayar Auta, tana ɗaga ta sama tana karkatawa. Ba ta ɓoye ba.

"Malam, ashe kai ka rufe," in ji ta. "Da hantsi ɗanka yake tsayawa hutu, lokacin nake jinsa. Matarsa ta kusa haihuwa."

Kunya ta rufe Tela, ga kuma takaici, wai jikansa na hanya shi ne na ƙarshen ji. Ya fita bai ɗauki zaren ba. Ya cire toshewar, ya leƙa ya gaishe da mai aski gaisuwa mai tsawo, har mutumin ya tsargu.

Washegari da hantsi baƙuwar ta hau. Tela ya tsayar da keke, ya shiga gida kamar mai neman wani abu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ba Inna baya.

"Ki gaya masa kada ya sayi kayan jariri a kasuwa," in ji shi. "Ɗinkinsu ba ƙarko."

Sai muryar da ya shekara uku bai ji ba ta fito daga wayar.

"Na ji, Baba."