Baba Ƙanƙara da Tsohuwarsa

A sashenmu na Fiziks babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Ƙanƙara ake ce masa, tun daga Farfesa har masu shara, kuma yana amsawa ba tare da ya ɗago kai ba. Ni ce mai kula da siton sashen. Ƙofata tana kallon tasa a hawan ƙarƙashin ƙasa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Mun yi maƙwabtaka har furfura ta kama mu duka, amma ba zan ce mun shaƙu ba. Shi mutum ne mai rowar magana, ni kuwa Allah bai hore mini haƙurin jiran amsa ba.

Aikinsa kula da injin sanyi. Wata doguwar ganga ce ta ƙarfe, a rataye cikin firam a saman rami, bututai sun nannaɗe ta ta ko'ina, ga famfo a gefe yana bugawa kif, kif, kif. Malamai sukan sa ɗan guntun ƙarfe da bai kai farce ba a can ƙasanta, su yi ta sanyaya shi har ya kusa iyakar sanyi, inda babu sauran wani sanyi a gaba. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala. Ya ce a can ne ƙarfe yake nuna halinsa na gaskiya. Na ce to a riƙa saka mutane ma. Bai yi dariya ba.

Tsohuwa muke kiran injin. Asali Baba mai gyaran firij ne a bakin kasuwa. Farfesan da ya fara kawo injin, wanda ya daɗe da rasuwa, ya kai masa firij ɗin gidansa, ya tsaya yana kallon yadda yake liƙe bututu ba gaggawa ba hira, sai ya ce ya biyo shi. Tun daga ranar bai sake wani aiki ba. A kan aikin ya yi aure, a kansa ya aurar da 'ya'yansa. Matarsa tela ce, mace mai faɗa da dariya a lokaci guda, kuma takan ce a cikin yaransu Tsohuwa ce kaɗai ba ta taɓa jin tsawar ubansu ba.

Tsohuwa ba ta son a yi mata hanzari. Kwanaki ake ɗauka kafin ta yi sanyi, kuma da zarar ta yi, sai an riƙa ɗura mata ruwan hiliyam daga manyan tuluna, abin da Baba ke kira ba ta abinci. Kowace safiya kafin ya cire hula yakan ɗora tafin hannunsa a kan bututun famfon, ya kasa kunne, sannan ya ce ta kwana lafiya, ko kuma ya ce yau tana da magana. Yana da al'ada guda da baƙi. Akwai wata shuka da yake reno a tukunya kusa da tagar bene. Duk wanda ya sauko ganin injin, ɗalibi ne ko shugaba, Baba zai tsinki ganye ɗaya, ya tsoma shi cikin kwanon ruwan naitirojin mai tururi don tsabar sanyi, ya miƙa masa ya ce ya matse. Ganyen sai ya farfashe kamar gilashi. A nan kaɗai nake ganin haƙoransa.

Sai zamani ya juya. Aka kawo sababbin injuna a hawa na sama, waɗanda maɓalli kawai ake dannawa, ba tulu, ba ɗura. Ɗalibai suka daina saukowa. Aka kashe Tsohuwa, aka fara maganar a kwance ta a ba masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, idan Baba ya yi ritaya, ritayar kuwa ta matso. Barin aiki bai dame shi ba. Abin da ke cin ransa shi ne a sa wuta a yanka ta gunduwa-gunduwa a tsakar ɗakin nan. Bai faɗa wa kowa ba, amma na ga yana goge injin da ba ya aiki, kullum.

Ana cikin haka sabon Farfesa ya shigo da labarin taro. Ashe masu binciken sanyi na duk duniya suna da babban taron da suke yi bayan 'yan shekaru, yau a wannan ƙasa, gobe a waccan, kuma garuruwa neman sa suke yi kamar ana neman aure. Mu ma mun nema, mun kai zagayen ƙarshe, kuma kwamiti zai zo ya duba mu da idonsa kafin a yanke. A zaman da aka yi na ma'aikata, Baba, wanda ban taɓa jin muryarsa a taro ba, ya ɗaga hannu.

"Farfesa, in an samu taron, Tsohuwa fa?"

"Haba Baba," in ji Farfesa, yana cikin farin ciki. "In muka samu, wa zai taɓa ta? Ai baƙi za su so ganinta. Ka tashe ta, ka nuna musu abin da muka iya."

A nan muka yi kuskuren, mu duka. Tunda masanan sanyi ne za su zo, sai muka ɗauka sanyi za su auna: garin da ya fi kowa kusantar iyaka shi zai ci. Zancen zaure da masauki da motoci an bar wa ofishin karɓar baƙi na jami'a, kuma a wajenmu wannan duk ado ne. Ni ma haka na ɗauka, har na ba da sabon fenti daga sito ba tare da na yi ƙorafi ba, abin da duk wanda ya san ni zai ce abin mamaki ne.

Baba ya shiga aiki. Injin da ya daɗe a kwance sai da ya nuna fushinsa: nan yoyo, can tsatsa, roba ta bushe ta tsage. Ya riƙa bin bututan ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, gwiwoyinsa na ƙara. Matarsa ta fara kawo masa abincin rana da kanta don ta tabbatar ya ci.

"Malam, wai Turawan nan ɗiyarka za su aura ne?" ta ce masa wata rana, tana ajiye kwano a kan bencin aiki.

"Ba Turawa ba ne duka. Daga ko'ina suke."

"To, daga ko'ina ɗin. Sun ce in ba ka karya gwiwa ba ba za su zo ba?"

"Ki rage murya, ina sauraro."

"Ka ji ko, 'yar'uwa?" ta juyo gare ni. "Ni ban taɓa samun irin wannan sauraron ba."

Famfo ya dawo da bugunsa. Allurar ma'auni ta yi ta sauka a hankali, har ta wuce inda ta saba tsayawa a ƙuruciyar Tsohuwa. Wani matashin Dakta ya sauko ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, ya haura da gudu ya kira Farfesa. Baba dai tulu ya jawo ya ba ta abinci.

Ranar zuwan kwamiti ya shigo da farar rigar aiki da matarsa ta ɗinka ta goge. Ya tsinko ganyaye masu kyau ya jera a faranti, ya cika kwanon naitirojin, ya zauna a kan kujerarsa yana fuskantar ƙofar lifta. Ruwan naitirojin ba ya jira, ƙafewa yake yi. Ya ƙafe, ya sake cikawa. Labari na zuwa mana daga sama ta bakin direban da ke yawo da 'yan kwamiti: baƙi suna babban zaure suna gwada lasifika, sun tafi otal suna buɗe famfunan wanka, sun bi hanyar filin jirgi don su ga cunkoso, suna tambayar inda mai shayarwa za ta zauna da abin da wanda ba ya cin nama zai ci. Ko sababbin injunan sama leƙawa kawai suka yi daga bakin ƙofa. Raina ya ɓaci, na fito na yi ta faɗa ni kaɗai a baranda. Shi kuwa ya sake cika kwano.

Rana ta yi sanyi lokacin da lifta ta buɗe. Wata dattijuwa ce mai farin gashi da sanda, ɗaya daga cikin 'yan kwamiti, Dakta na biye da ita. Ba mu ta zo nema ba. Banɗakin da keken guragu zai iya shiga take dubawa, aka ce mata akwai ɗaya a ƙasa. Ta yi taku kaɗan sai ta tsaya, ta karkata kai. Ta ji famfon.

Ta shiga ɗakin ba sallama, ta tsaya gaban Tsohuwa, ta yi wata dariya irin ta wanda ya gamu da ƙawar makaranta a tasha. Ta ɗora tafin hannunta a kan bututu, daidai inda Baba ke ɗora nasa. Da Turanci ta yi magana, Dakta yana fassarawa. Ta ce a kan irin wannan ta yi karatun digirinta, tasu an yanka ta tun kafin 'yarta ta yi aure, ba ta zaci akwai mai rai ba. Ta duba allura, ta dubi Baba, ta jinjina kai. Ya tsoma ganye ya miƙa mata, ta matse, ya farfashe a tafinta, suka yi dariya tare. Ban taɓa ganinsa cikin irin wannan farin ciki ba, kuma na taya shi.

Daga nan ta juya ta ƙare wa ɗakin kallo. Ta dubi faɗin ƙofar, ta dubi lifta da ke dab da ita, ta buɗe ƙofar baya da ake shigo da tuluna, ta ga tana kallon babban zaure kai tsaye. Ta ƙwanƙwasa bango ta ji a bushe yake. Sai ta yi wa Dakta wata tambaya, shi kuwa bai fassara ba. Ni na ji, don shekarun karɓar kaya sun koya mini Turanci daidai gwargwado. Cewa ta yi: zuwa lokacin taro, ɗakin nan zai zama babu kowa?

Mun ci. Zaurenmu ya fi na sauran girma, otal-otal ɗinmu kusa suke, shi ke nan dalili. Aka yi murna a sama, aka kira mu muka ci muka sha. Cikin abubuwan da kwamiti ya nema akwai ɗaki mai faɗi, mai kulle, kusa da lifta da zaure, inda mahalarta za su ajiye jakunkunansu. A duk ginin ɗaki ɗaya ne ya cika wannan siffa.

Farfesa da kansa ya sauko, a nan kam ya kyauta. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, Baba ya taimake shi.

"Na gane, Farfesa. Abu ɗaya nake roƙo. Kada a kashe ta a fizge. A bar ni in ɗumama ta da kaina, a hankali, yadda ake yi."

Aka bar shi. Ya daina ba ta abinci, allura ta yi ta hawa kwana bayan kwana, yana zaune yana kallo. Ranar da ta kai ɗumin ɗaki ya ɗora hannu a bututu, ya kashe famfo. Shirun da ya biyo baya ya sa na ajiye abin da ke hannuna. Sai a lokacin na lura ashe da bugun nan nake jera kaya a kantocin sito tsawon shekaru. Masu gwangwan suka zo bayan ya tafi gida, don matarsa ta roƙe ni in shirya haka. Aka rufe ramin da katako.

Kafin taron ya zo ya yi ritaya, amma da aka nemi wanda zai tsare ɗakin jakunkuna sai ga shi ya kawo kansa. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji. Ya zauna a kan tsohuwar kujerarsa cikin farar rigar nan, masana daga ko'ina a duniya suna miƙa masa kaya yana ba su lamba, babu wanda ya san ko wane ne shi.

A ranar ƙarshe dattijuwar ta sauko da ƙaramar jaka. Ta gane shi nan take, fuskarta ta washe. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta karkata kai tana neman sautin famfo. Na tabbata ta manta da tambayar da ta yi, ko kuma ba ta taɓa haɗa ta da wannan ba. Ta tambaye ni ina injin, na juya masa maganar.

Baba ya karɓi jakar, ya kai ta tsakiyar ɗaki, ya ajiye a kan katakon da ya rufe ramin.

"Ce mata Tsohuwa ta yi ɗumi," in ji shi. Ya miƙa mata lambarta, ya dubi na bayanta a layi.