Zomon Ramla da ƙibar da na ɗora masa

Assalamu alaikum. Masu biyo ni ta saƙo suna cewa Maman Ramla ko lafiya aka ji ki shiru, lafiyata ƙalau. Jinya nake yi, ta zomo. Ku yi dariyarku, Abban Ramla ma ya yi tasa.

'Yata Ramla a nan Riyad ta girma. Da za ta tafi jami'a Kano, ta ɗora min zomonta Mishmish a cinya ta ce, "Ummi, amana." Ni kuwa a gidanmu kiwo ɗaya na sani, dabba in tana hannunka ta yi ɓul-ɓul. Na shiga ɗura masa dabino da burodi, har guntun tuffa. Duk Juma'a in nuna mata shi a waya ina fahariya.

Sai ya daina tsalle. Na ce ƙasaita ce.

Wata safiya na ga ɗigon jini a kan tayil. Na ɗaga shi, gashin dugadugansa na baya ya zube, fatar ta yi ja, ɗaya ta fashe. Na shafa man kaɗanya, ya lashe abinsa. Kwana kaɗan wurin ya fara ruwa.

A asibitin dabbobi likita ta ɗora shi a sikeli, ta dube ni ta saman gilashinta. Ta ce zomo ba shi da tsoka a tafin ƙafa, gashi ne kawai matashinsa, nauyi da tayil suka cinye shi. Aka yi hoton ƙashi. Ta ce in ciwon ya kai ƙashi, maganar ta zama ta yanke ƙafa ko abin da ya fi haka. Ban iya zama ba, na yi ta kai da kawo a barandar asibitin har mai shara ta miƙo min kujera. Me zan ce wa yarinyar nan?

Bai kai ƙashi ba, alhamdulillah. Aka ba mu magani da bandeji, aka sa mu a layin hasken leza. Wata 'yar na'ura ce kamar tocila, a riƙa zagaya ta a kan ciwon na 'yan mintuna, ba zafi, ba yanka. Ni da likita mu sa baƙin gilashi, shi a rufe masa ido da tawul. Kuɗin zama ɗaya ya fi cefanen makonmu, kuma zaman ba ɗaya ba ne. Abban Ramla yana tuƙi daga unguwar Nasiriya yana mita: "A ƙauyenmu da tuni ya shiga tukunya." Amma shi ke riƙe kwandon zomon a cinya in an tsaya a danja.

Abin da ya fi ba ni wuya hana shi dabino. "Khalas, shi ke nan, busasshiyar ciyawa da ganye kawai," in ji likita. Mishmish ya zo ya dafa ƙafata yana kallona, in gudu kicin. Ranar Juma'a kuma kunnuwa da fuska kawai nake nuna wa Ramla, in ce netwok ne. Barcina ya lalace, na rame tare da shi.

A hankali jan ya dushe, fatar ta haɗe, gashi ya fara tsirowa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, da Abban Ramla mai mita. Masu zomo, ku riƙa ɗaga shi kuna duba dugadugansa. Ku shimfiɗa masa abu mai laushi, busasshe, ku yanke masa farce, ku rage lallashi da zaƙi. Kun ga ja, ku tafi asibiti, kada ku tsaya shafe-shafe.

Jiya ya yi tsalle ya haye kujera. Na ɗauki bidiyo na tura wa Ramla, karon farko har da ƙafafu. Ta kira nan take.

"Ummi, ya rame! Kina ba shi abinci kuwa?"

Na ce ta zauna, akwai labari.