Gonar Iliya

Mijina Iliya planto ne a wani biron gwamnati, wato ofis, a Diffa, shi ke shara, shi ke kai takardu. Daga Tsibiri aka turo shi, na biyo shi da ɗanmu Josué a goye. Mutum ne marar surutu. In an aike shi ya tafi, in ba aike ya zauna kan benci bakin ƙofa har a tashi. Gidanmu na haya ne, keken da yake hawa na biro, kakin jikinsa ma na gwamnati. Na ɗauka abin bai dame shi ba, ashe ni ce ban sani ba.

Shekarun nan da albashi ke yin watanni bai leƙo ba, kowane ma'aikaci ya nemi abin yi na gefe. Wasu suka shiga kiwo, wasu sayar da isansi, wato man fetur, a kwalba. Iliya kuwa ya haɗu da Ba Umara, wani dattijon Kanuri mai gonar gado a bakin kogin Komadugu, ga ƙasa ga ruwa amma ba inji. Na sayar da tumakina, Iliya ya tsallaka Damasak ya sawo ɗan injin ban-ruwa na hannu. Ƙasa ta Ba Umara, inji na Iliya, tattasan da ya fito a raba biyu. Ba Umara ke ban-ruwa ranakun aiki, Iliya ya karɓe shi Asabar da kuma Lahadi in mun fito majami'a.

Wanda bai zauna nan ba ba zai san halin kogin ba. Yana zuwa da damina ya cika, sanyi na wucewa ya fara janyewa, lokacin kuma tattasai ke tsakiyar son ruwa. Dole inji ya bi ruwan, a gangara da shi, a hau da shi, gobe a gangara fiye da jiya. Ba kayan mutum ɗaya ba ne. Ba Umara ya sari sandar bagaruwa, suna rataye injin a tsakiya su saɓa a kafaɗa. In za a gangara Iliya ke gaba don shi ne dogo, in za a hau su juya, gajeren ya wuce. Ba Umara na tsokanarsa da Hausarsa ta Barebari, wai Allah ya ba shi tsawo ya hana shi baki. Mun ci nama a shekarun nan, Josué ya shiga lakwal, makarantar boko, da takalmi a ƙafa.

Abin da ya raba su ba faɗa ba ne. Wata Talata a kasuwa wani ɗan kasuwa ya damƙi tattasan ya shinshina, ya ce lallai wannan na Ba Umara ne, sannan ya dubi Iliya ya tambaye shi ko shi ɗan aikinsa ne. Iliya ya ɗaure bakin buhun. Daga ranar ya fara kasa kunne, sai ya ji ko'ina haka ake faɗa, gonar Ba Umara, tattasan Ba Umara, har injin ma na Ba Umara ake cewa. Ya dawo ya zauna gaban tuwo bai taɓa ba.

"Rahama, ina son abu ɗaya a duniya da za a ce nawa ne."

Na ce masa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na ce suna ba ya shiga miya. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba, don ni bakina ba linzami. Ya saurare ni tsaf, ya wanke hannu ya kwanta.

Ba Umara bai yi fushi ba. Ya raba amfanin shekarar daidai, ya kwance injin da kansa, ya goge shi.

"Naka ne, Malam Iliya, ɗauki. Amma wa zai kama maka ɗaya gefen?"

Ya miƙa masa sandar ma, Iliya ya bar ta jingine a rumfa.

Ya samu fili wajen wani bulama mai riƙe da ƙauye, can kan hanyar Gueskérou, nesa da gari. Na ce ya ɗauki ko mutum ɗaya, ya ce duk wanda ya kwana biyu a gonar da sunansa za a kira ta. Ya ɗinka wa injin igiya, yana goya shi kamar jariri. Shekarar farko an samu, ba laifi. Ya sawo fenti ya rubuta sunansa a kan kowane buhu, manya-manyan baƙaƙe. Masu saye suka juye tattasan cikin nasu buhunan, suka miƙo masa nasa wayam. Ya ninke su ya kawo gida, har yau wasu na nan ina shanya kuka a kai.

Shekara ta uku ruwa ya janye da wuri, ya koma can tsakiyar rairayi. Wata Asabar yana hawa gaɓa da injin a baya, ƙugunsa ya ce ƙas. Masunta ne suka tsince shi, aka kawo mini shi a amalanken jaki. Mun je likita a nan, mun je Damagaram, an yi allura an yi gashi. Ƙafar hagu ba ta dawo ba, ko ka tsikare ta da allura ba ya ji. Tattasan ya bushe a tsaye. Biro suka yi haƙuri iya haƙurinsu, suka ɗauki wani planto.

Ba Umara bai daina zuwa gaisuwa ba, wani lokaci da kifi, wani lokaci hannu rabbana. Sau da yawa ya roƙa a bar shi ya noma filin a raba kamar da. Iliya yakan yi godiya ya juya fuska bango. Ya san in Ba Umara ya sa ƙafa a ciki, sunan ya tafi. Ni kuma na kama suyar ƙosai, na ƙara da sarin bandar kifi. Mutane na tambayata ko ina jin haushinsa. Wallahi ba na ji. Tausayi ma na nema ban samu ba, zuciyata ta zama irin ƙafar tasa. Ina juya shi, ina yi masa wanka, ina fita kasuwa.

Shekarar da Josué ya gama lakwal, na shiga motar Gueskérou sarin banda. Muna cikin tafiya wata mata ta buga jikin mota ta ce wa direba akwai mai sauka a Gonar Iliya. Direba bai tambayi ina ne ba, ya taka birki. Na leƙa. Ƙayar nan da ake ce wa kangar ta cinye filin gaba ɗaya, ba kunyar shuka ba hanyar ruwa, sai wasu awaki a ciki. Na tambayi matar wane ne Iliyan. Ta ce ita ma ba ta sani ba, haka dai ake kiran wurin. Ta ɗora kayanta a ka ta wuce.

Da na dawo na same shi yadda na bar shi, kan tabarma a inuwar ɗaki. Na ajiye kwalin kifi na gaya masa. Ya tambaya me aka shuka a ciki, na ce ba komai, ƙaya ce. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Sake faɗa mini yadda ta ce."

"Akwai mai sauka a Gonar Iliya."

Ya ce to. Sannan ya ce in juya shi ɗaya gefen, wannan ya gaji. Na juya shi, na je na hura wuta.